Wuyan Hannun Ubanka

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Korgom, zuwa ga Ɗanladi.

Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah Ya sa takardar nan ta same ka zaune lafiya cikin mota, Ya sauke ka Yamai lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da direba mai gaggawa, da sojan shinge wanda ya tashi da fushi. Na ba uwarka ita ta cusa cikin ƙullin kayanka, na ce kada ta gaya maka sai kun yi sallama a tashar Tasawa. Ka san ba na iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana. Kai ɗan fari ne, ko sunanka na yanka bakina bai saba da shi ba, balle abin da zan faɗa yanzu. Ɗan bokon da na koya a yaƙi da jahilci yau ranarsa ta zo. In rubutun ya karkace ka yi haƙuri, a kan gwiwa nake yi.

Ba zan ba ka labarin gida ba, daga cikinsa ka fito. Ka leƙa rumbu da idonka, ka ga gonar da muka shuka har sau nawa ba ta kai gwiwa ba.

Ka sani ban so tafiyar nan ba. Uwarka ce ta aika wa Isuhu ɗan Kona saƙo a bayan idona, ta roƙe shi ya nema maka ɗaukar jaka a filin golf inda yake koyarwa, ya kuwa amsa. Ni sai a bakin yaron mota na ji. Na shigo gida ina faɗa, ina rantse-rantse, ta bar ni sai da na gaji, sannan ta ce, "Malam, in kana da hatsin da ka ɓoye, hwaɗa mini inda shike, yanzun ga in aika a ce ma Isuhu mun hwasa." Na sa kai na fita. Ƙannenka abin da za ka aiko suke jira, kuma in wurin nan ya kuɓuce maka babu wani a bayansa. Ni kuma na san abin da zai sa ya kuɓuce, domin ni na zuba maka shi da kaina, wani a hannu, wani a kunne. Shi ya sa na zauna rubutu.

Bari in fara da na hannun.

Lokacin farin farko da ruwa ya ƙi zuwa, wancan na kafin soja su karɓi mulki, kana ƙarami ko kiwo ba ka fara bi ba. A kasuwar Tasawa na haɗu da Isuhu, kowannenmu ya kai abin da ya rage masa na dabba ya rabu da shi. Mun san juna tun wasan yara, muka hau mota ɗaya muka nufi Yamai. Mun yi dako, mun yi ga-ruwa, kafin wani ya kai mu wani fili a bayan gari inda Nasara ke bugun ƴar farar ƙwallo suna bin ta a ƙafa da tsakar rana. Babu ciyawa a wurin, daga ƙaya sai tsakuwa sai rairayi. Kowane mai wasa da ɗan guntun tabarmarsa da muke shimfiɗa masa ya ɗora ƙwallon, gefen kowane rami kuma rairayi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, mu ke share shi ya kwanta. Aikinmu sunansa kadi, wato mai ɗaukar jakar sanduna. Ranar farko ni da Isuhu muka dinga ƙunshe dariya, domin mun gane abin nan take. Ƙwallon gora ne, wanda muka tashi muna yi da ƙwallon goriba a fako, sai dai wannan na masu ƙoshi ne.

Nan kuskurena na farko ya fara. A wasan gora, daga Korgom har Kona, ba yaron da ya kai ni saurin hannu, don haka na ɗauka na iya tun ban taɓa sandar ba. Ran Litinin masu filin ba sa zuwa, ana barin kadi su yi wasa da tsofaffin sanduna. Bugun farko da na yi, ƙwallon ta tashi har sai da na daina ganinta, wurin ya ɗauki ihu. Tun daga ranar suka sa mini suna Walƙiya, ni kuwa kaina ya kumbura.

Akwai wani tsohon Nasara da ke koyarwa a wurin, muna ce masa Mai-lofe saboda lofen tabarsa. Yana tsaye yana kallo bai tafa ba. Ya zo ya kama wuyan hannuna na dama ya girgiza, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Wannan ɓarawo ne. Yana shiga gida kafin mai gida."

Na ji haushi, na ɗauka zagi ne. Ga abin da yake nufi, ka karanta a hankali, don ni sai da na rasa komai na fahimta. A gora ƙwallon tana gudu, wani yana bayanka zai ƙwace, dole ka fizge ta da wuyan hannu tun bai iso ba. A golf ƙwallon zaune take, ba mai bin ka. In ka ɗaga sanda, wuyan hannu zai lanƙwashe da kansa saboda nauyin kan ƙarfen, ba sai ka tilasta masa ba. Wannan lanƙwasar ajiya ce, ba a kashe ta a sama. Kana saukowa ƙugu ne ke fara juyawa, kafaɗa ta bi, hannu ya taho da lanƙwasarsa yadda take, har hannuwanka su wuce saitin ƙwallon kan sandar bai iso ba. Sai a nan ake saki, kuma ko sakin ba kai ke yi ba, shi ke zuwa. Bayan hannun hagu ya zauna a miƙe, kada ya karye ya ba da baya. Ni kuwa tun daga sama nake zubar da ajiyar, hannun dama ya riga kowa isa, ya ɗebo ƙwallon daga ƙasa kamar mai ɗiba da ludayi. Ranar da na tashi da sa'a sai ta tashi sama kowa ya yi ihu. Ranar da ba sa'a, ko in tona ƙasa a bayanta, ko in doke ta a ka ta bi ƙasa da gudu ta shige ƙaya.

Isuhu a lokacin abin tausayi ne. Bugunsa ko jifan yaro bai kai ba, ni na fi kowa yi masa tsiya. Mai-lofe ya kawo ɗan kara da igiyar roba ya ɗaure masa a bayan wuyan hannun hagu, don in hannun ya so karyewa karan ya soke shi. Haka Isuhu ya yi ta yawo da kara a hannu ana yi masa dariya. Da Mai-lofe ya nufo ni da nawa karan, na ɓoye hannu a baya na ce, "Mushe," yadda muke kiran Nasara ke nan, "ni ban karye ba balle a yi mini ɗori." Yara suka kwashe da dariya, na ji daɗi ƙwarai. Tsohon ya mayar da karansa aljihu, bai sake kawo mini ba.

To, in Isuhu ya zo maka da kara, miƙa hannu. Ko kadi duka sun taru suna yi maka dariya, miƙa. Dariyar ba ta cika ciki, ni shaida ne.

Riƙon sandar ma ban yi daidai ba. A tafin hannu nake dunƙule ta kamar zan sari itace. A yatsu ake riƙe ta. Ka tuna tatsar akuya: ka matse da yawa ta yi harbi, ka sassauta da yawa ba ka samun komai. Hannun da ya ƙanƙame sanda wuyansa ba ya lanƙwasa, kuma ba ya jira.

Kuskure na biyu shi ne abin da ake yi kafin bugu, wanda na raina fiye da komai. Mai-lofe yana koya wa kowa tsari guda. Ka tsaya a bayan ƙwallon ka dubi inda kake so ta je. Ka zaɓi wata ƴar tsakuwa ko ɗan kara kusa da ƙwallon a kan wannan layin, don na kusa ya fi na nesa sauƙin saiti. Ka fara aje fuskar sandar tana kallon tsakuwar, sannan ƙafafunka su bi, ba ƙafa ke farawa ba. Sannan ka ɗan kaɗa sandar baya da gaba a iska da wuyan hannu kawai, ba ta taɓa ƙasa ba, don ka ji nauyin kanta, yatsunka su saki in sun ƙanƙame. Ka dubi inda za ta, ka dawo da ido, ka buga. Kada ka daɗe a tsaye, tunani ne zai shigo. Kuma haka za ka yi kowane bugu, ko kana gaba ko kana baya, ko ranka fari ko baƙi. Ni na ce yanga ce. In an tashi aiki nakan kwaikwayi Nasaran, in turo baya ina kaɗa sanda ina kaɗa ƙugu, kadi suna faɗuwa don dariya.

Ni ina da nawa tsarin, wanda na zo da shi daga gida, ka kuma san shi. Kafin ka bugi ƙwallon goriba sai ka dangwali ƙasa da gorarka a bayanta, ka ce bismilla, sannan ka kai bugu. Duk yaron da ya tashi a ƙasarmu haka yake yi, ba ya ma sanin yana yi. A kan tabarma ba laifi ba ne. Amma kusa da ramukan akwai kwari da aka haƙa aka cika da rairayi mai laushi don ya zama tarko, kuma dokar wasan ta ce in ƙwallonka ta faɗa ciki, sandarka ba ta taɓa rairayin sai a cikin bugun kansa. Ka taɓa kafin nan, an ƙara maka bugu biyu. A wasan nan mai ƙarancin bugu ke ci, ka ga biyu ba abin wasa ba ne.

Isuhu ma da dangwalen ya zo, ya yi ta fama har ya kashe shi, ya maye gurbinsa da kaɗawar iska. Bismillarsa yana yi a zuci. Wata rana muna cin garin rogo a kwano ɗaya ya ce mini, "Sale, bar dangwalen ga. Wallahi wata rana shina kai ka inda ba ka so." Na ce, "Ni manomi ne ɗan manomi, ba Nasaran da za shi hana ni taɓa ƙasa." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Yanzu ga na kunnen.

Bayan soja sun karɓi mulki, manyansu suka fara shigowa filin. Wani kumandan ya ce abin kunya ne a ce har yanzu baƙo ke koyar da wasa a ƙasarmu. Mai-lofe kuwa dama ya tsufa, yana shirin komawa garinsu. Aka ce za a gwada kadi, wanda ya ci a horar da shi ya gaji wurin, da albashi da ɗaki. Ka san abin da ɗaki da albashi ke nufi ga mutumin da ya baro mata da ɗa a ƙauye suna cin tafasa. Aka yi ta zubar da mutane har ya rage ni da Isuhu.

Ranar ƙarshe na tashi da sa'ata. Muka zo rami na kusa da ƙarshe ina gabansa da bugu ɗaya. Ƙwallona ta faɗa kwarin rairayi. Na sauka ciki. Kumandan da Mai-lofe da sauran mutane suna can ɗaya gefen, bakin kwarin ya kare musu ƙafafuna. Isuhu kaɗai ke tsaye inda yake ganina, don a wasan kowa shi ke ƙirga wa abokinsa. Na gyara tsayuwa, na buga, ƙwallon ta fito ta kwanta dab da rami, kumandan ya tafa. Da aka zo faɗin lissafi, Isuhu ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ya taɓa."

Labarin da ka tashi da shi ke nan. Na gaya maka a gona, na gaya maka a bakin rijiya, na gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni a Korgom cewa Isuhu ya ga zan ci ya yi mini ƙarya.

Ɗanladi, na taɓa.

Na ce bismilla, hannuna ya sauka da kansa, na ji ƙarfen ya shiga rairayin. Na ɗaga ido muka haɗa ido da Isuhu, na san ya gani, ya san na sani. Na yi sauri na buga don bugun ya share wurin. Mai-lofe ya zo ya tsaya gabana ya ce, "Walƙiya, ka taɓa?" Na rantse da Allah ban taɓa ba. Tsohon ya san dangwalena sarai, shekara nawa yana kallonsa. Bai yi gardama da ni ba, ya ce a ƙara biyu.

Ko a nan ba a gama da ni ba, ka lura. Da bugu ɗaya kawai Isuhu ya wuce ni, ga rami guda ya rage, mai tsawo, irin wanda nake fin Isuhu nisa. Da ina da tsarin da zan koma cikinsa, in tsaya a baya, in nemi tsakuwata, in kaɗa sanda har yatsuna su saki, da wataƙila yau a Yamai aka goye ƙannenka. Ba ni da shi, na mayar da shi abin dariya. Na taho, na shaƙe sandar, na kai bugu ko duban gaba ban yi ba. Hannun dama ya riga kowa, ƙwallon ta bi ƙasa ta shige ƙaya ko rabin hanya ba ta kai ba. Wani soja ya yi dariya. Sai na ji sandar ta bar hannuna. Na wurga ta, ta yi ta juyi a sama, ta sauka a gilashin motar kumandan.

Suka ɗaure ni a turken rumfa, hannu a baya, da igiyar da suka jiƙa, daga hantsi har rana ta yi sanyi. Sannan suka jefa ni a motar kaya suka ce in aka sake ganina a filin sai bariki. Hannun hagun nan da ka tashi ka gan shi ba ya dunƙulewa, daga turken nan ya samo. Gilashin kuwa na tabbata kafin in iso Maraɗi an sa wani. Wannan ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba, mu haɗu da su gaban Allah.

Isuhu ma, kada in yi maka wata ƙaryar a kan ta farko, zuciyata ba ta sake shi ba. Gaskiya ya faɗa, na yarda. Amma mota ɗaya ta kai mu, kwano ɗaya muka ci, ya san akwai yaro a gidana. Da ya yi shiru ba wanda zai sani har abada. Shekara da shekaru ina juya abin nan, wani lokaci in ce da ni ne a wurinsa da na yi shiru, wani lokaci in ce da ni ne da na faɗa tun kafin a tambaye ni, don ni ma ina son ɗakin. Ban san wanne ne ba. Abin da na sani, wannan ciwon nawa ne, ba gadonka ba ne, kada ka ɗauke shi ka kai Yamai.

Fushi a wuyan hannu yake fara sauka. In ka ji yatsunka sun ƙanƙame, ja da baya, sake tsarin daga farko, ba wanda zai ci ka tara don ka ja da baya. Kuma duk abin da ya faru, sanda ba ta barin hannunka sai zuwa cikin jaka.

Manyan da za ka ɗaukar wa jaka, musamman masu kaki, ka iya zama da su. Ka tsaya inda inuwarka ba ta faɗa kan ƙwallonsu. Kada ka motsa in sun ɗaga sanda. In mutum ya tona ƙasa har ta rufe masa takalmi, fuskarka kada ta nuna ka gani. Za ka ga wanda zai tura ƙwallonsa da ƙafa daga cikin ƙaya, za ka ga wanda zai share rairayi da sanda kamar mai shirin shanya, ba wanda zai ƙara masa ko rabin bugu. Ka dubi sama abinka. Na daɗe da gane cewa dokar nan a kan irinmu ta fi kaifi. Amma taka ƙwallon, in ka taɓa, ka faɗa da bakinka tun wani bai faɗa ba. Biyun da za a ƙara maka sun fi sauƙi a kan abin da na ɗauko.

Akwai kuma maganar buhu, ka gan ta da idonka, ba sai na tsawaita ba. Bara da Isuhu ya ji halin da ake ciki ya aiko mana da buhun masara, na sa aka mayar da shi cikin motar da ta kawo shi, mutane suna kallo, ina jin kaina wani namiji. A makon uwarka ta sayar da akuyar da take tatsa wa ƙaramarku. Ba ta yi mini faɗa ba, abincina kawai take ajewa ta juya. Girman kan da wani zai biya da cikinsa ba naka ba ne, kada ka yi shi. In Isuhu ya ba ka abinci ka ci, in ya ba ka tsohuwar riga ka sa.

Mafi muni na bari ƙarshe. Da na dawo, filin bai fita raina ba. Na je wurin maƙeri na zana masa a ƙasa, ya ƙera mini kan sanda, na sa masa ƙota. Kana tasowa na ja ka fako da rani, muka tara ƙwallon goriba, na fara koya maka. Mutane suna cewa Sale ya taɓu, ban damu ba. Hannun haguna ba ya riƙo, don haka da dama kaɗai nake nuna maka, wato ɓarawon na ɗauka na mai da shi malaminka. Na koya maka fizga. Na koya maka dangwale da bismilla a bayyane. Ban taɓa ambata maka kara ba, ban taɓa ce maka ka tsaya a baya ka nemi tsakuwa ba, alhali duk ina sane da su, ga shi na rubuto maka su ba tare da na manta ko ɗaya ba. So nake wata rana ka je ka ci su da irin buguna, a ce ashe Walƙiya ne mai gaskiya. Da kai na so in rama, ban tambaye ka ba.

Shekaranjiya ina bayan darni na hango ka a fako kana gwaji, abokanka sun kewaye ka. Ka dangwala, ka fizga, ƙwallon ta tashi, suka yi ihu. Kamar ni nake kallo, har yadda kake ɗaga haɓa bayan bugu. Sannan na ji kana ce musu, "Ku bari in isa, sai na gwada ma maƙaryacin ga ɗan wa nike." Na so in fito in kira ka, amma na ci gaba da laɓewa a bayan darnin. Mutumin da kake kira maƙaryaci shi kaɗai ne a duniya ya ce a turo ka.

Ga abin da nake so ka yi. In ka isa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce masa Baba, don sa'an ubanka ne. Kada ka nemi sanda, jaka aka kira ka ɗauka, ka ɗauke ta har ya ga dama. Ranar da ya miƙo maka sanda ya ce buga, kada ka yi ƙoƙarin burge shi, kuma kada ka ɓata lokaci wajen ɓoyewa, bugu ɗaya zai gan ni a hannunka. Duk abin da ya ce ba daidai ba ne, ba daidai ba ne. Zai rushe riƙonka, zai rushe tsayuwarka, ƙwallonka za ta daina tashi, za ka yi watanni kana bugun da ya fi na yara muni, za ka ji kamar mugunta yake yi maka saboda ni. Ka daure. Ba ni da gona mai kirki da zan bar maka, ba ni da garke, bugun nan kaɗai na taɓa ba ka, ina kuma alfahari da shi duk da na san gurɓatacce ne. Ka bar Isuhu ya cire ni daga hannunka, kada ka rage ko kaɗan don tausayina.

Ka riƙe sallarka. Ka aiko wa uwarka saƙo da duk motar da ka samu, ko ba komai a ciki sai gaisuwa, don ba ta barci sosai tun da aka sa ranar tafiyarka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da masu tausayi, Ya raba ka da igiyar soja da zuciya irin ta ubanka. Allah Ya ba mu damina, Ya maido ka ka same mu da rai. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Nawa kuma, ka karanta, ka yi yadda ka ga za ka iya.

Ban ba ka saƙon ban-haƙuri ka kai wa Isuhu ba, bakina bai kai nan ba tukuna. In ya tambaye ka ni, ka ce ina nan, ka ce kuma na gaya maka wanda ya taɓa rairayin. In bai tambaya ba, kada ka tuna masa da ni.

Mahaifinka,
Sale